Na Kai Yumɓun Kalgo Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi bakina bai huta ba. In na je ɗibar yumɓu a tare ni, in na je barka a ja ni gefe, har a gidan gaisuwar mutuwa sai da wata ta raɗa mini wai da gaske ne Tonawa, mutanen Kumasi, ba sa tauna tuwo. Kowa da guntun da yake so, ni kuma na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa. To ga shi ɗungurungum, kowa ya ji ya ƙyale ni in yi aikina. Amma sai na fara da abin da ya fitar da ni, don ba buɗe ido na je ba, ba kuma sarin goro ba.

Ni Kulu, a Gwandu aka haife ni, aure ya kawo ni Kalgo, mijin ya rasu na zauna. Uwarmu maginiyar tukwane ce, ubanmu maƙerin fari. Na gaji uwa, ƙanena Bawa ya gaji uba, kuma ni ke gina masa kaskon narki, wato ɗan kaskon da ake narka ƙarfe a ciki. Lokacin da aikin bai wuce zoben azurfa ba, kaskon bai fi rabin ƙwai ba, babu wanda ya taɓa kuka da shi. Sai bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama tagulla ta yi yawa a kasuwa, kwanson harsashi da tsofaffin kayan mota, matan Fulani kuma suka tashi da son mundaye masu kauri. Munduwa mai kauri sai babban kasko, babban kasko kuma sai ya daɗe a wuta. Nan kasakena suka fara ba ni kunya, wani ya tsage a murhu, wani ya zubar ta gindi. Ran da abin ya zo da ƙarar kwana, Bawa ya ɗago kasko cike da narkakkiyar tagulla, gindin ya ɓalle a kan ƙafarsa.

Ƙafar ta warke, yatsun suka manne da juna, yana tafiya yana ɗan ɗingishi. Abin da bai warke ba shi ne zuciyarsa. Damina ta zo ta wuce bai taka maƙera ba. Na je na same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya, mutumin da mata ke takowa tun daga Ceberu da Wurogauri don munduwarsa.

Na ce, “Bawa, yaushe za ka koma maƙera?”

Ya ce, “Adda, bar wagga magana. Ni da wuta mun yi bankwana.”

“To ɗiyanka mi za su ci, igiya?”

“Allah na nan. Ke dai kak ki ƙara kawo min kasko.”

Bai ce laifina ne ba, bai taɓa cewa ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi, mu yi faɗa mu shirya. Na dawo Kalgo da abin a raina.

Mamman, ƙanin marigayi mijina, shi ne ɗan goron gidanmu, kuma abokin wasana tun ina amarya. Shi ya ce mini a Kumasi ya ga masu zubin tagulla da wani irin kasko, ya shiga wuta ya fito, ya koma ya fito, ko gezau, kuma wai wata tsohuwa ce ke gina musu. Ya faɗa ne a cikin hira yana shan fura. Da na ce tafiyarsa ta gaba da ni za a yi, furar ta sarƙe shi. Ya kawo nisa, ya kawo tsufana, ya kawo ruwa da jeji, na bar shi ya gama na ce ya gaya mini ranar tashi.

Abu ɗaya na yanke tun ban fita ba: da yumɓuna zan je. In na koyi gini da ƙasar wasu, na dawo na tarar tawa ba ta yarda ba, na yi aikin banza. Na ɗebo yumɓun bakin fadamarmu, na cuccura shi kamar dawo, na shanya, na cika buhu. Ran tashi Mamman ya taɓa buhun ya dube ni.

“Kulu, mi za ki yi da ƙasa? An ce miki Tonawa bisa ruwa su ka kwana?”

Na ce, “Kai da ka kwashe ƙuruciyarka kana ɗaukar goro ba ka taɓa shuka ko ɗaya ba, ɗora min buhuna.”

Muka shiga babbar mota ta Kamba, mutane da awaki da buhunan albasa. Ba mu wuce Bunza da nisa ba ta kafe a taɓo. Maza suka sauka turi, karen mota ya fara sauke kaya, da ya ji nauyin buhuna ya tambaya ko gishiri ne. Da aka gaya masa, sai ya ce a zuba a ƙarƙashin taya tunda ƙasa ce. Sai na hau kan buhun na zauna har aka fitar da motar. Daga ranar aka sa mini Mai Ƙasa, sunan kuma ya riƙa tsallakawa daga mota zuwa mota har Kumasi.

Bayan Kamba aka shiga ƙasar Faransi. Can ba kwastan ake ce musu ba, duwan ne, ga jandarma da gajeren wando da bindiga. Farko aka jera mu kowa ya nuna lambar rigakafin agana da ke dantsensa, wanda ba shi da ita a tsaga masa nan take. Sannan aka zo kan kaya. Jandarman ya kwance buhuna ya ɗauko curi ɗaya yana juyawa. Kafin in buɗe baki Mamman, da bakinsa ba ya zama, ya ce guzurin fura ne irin na Kabi. Jandarman, bawan Allah, ya kai baki ya gatsa. Abin da ya biyo baya ba dariya ba ne a lokacin. Aka zazzage buhun a ƙasa, aka bi curin ɗaya bayan ɗaya da gindin bindiga ana neman albarushi ko zinariya. Da ba a sami komai ba aka ba Mamman tsintsiya ya share filin ofishin tas, ni kuwa na durƙusa ina tattara garin yumɓuna da hannu, ina tsince tsakuwa. Na yi fushi da shi har Gaya, sai da ya sayo mini kwaɗon zogale irin na Zabarmawa na sauko.

A Gaya aka tsallake Kwara da jirgin fito. Ni ɗiyar fadama ce, ruwa ba ya ba ni tsoro, tsorona ɗaya kada buhun ya jiƙe, don haka na rungume shi a cinya. Mamman da ya sha tsallake kogin nan, yana shiga ya rufe ido ya kama salati, bai buɗe ba sai da jirgi ya daki gaɓa. Na ajiye wannan a raina, kuma duk gidan da aka tambaye ni labarin hanya da shi nake farawa.

Daga nan sai Kandi, sai Zugu. Duk garin da muka sauka akwai zango, akwai maigidan fatake da ya san Mamman. Maza su kwana a zaure da kayansu, ni a tura ni cikin gida wurin mata. Matan can sun ba ni mamaki. Su ke kasuwa, su ke dako, mace ta ɗora kwandon doya da namiji biyu za su yi nishi a kansa, ga goyo, ga lofe a baki tana zuƙa. A Zugu aka ba ni wake da manja, na ci da yawa don kada in ɓata wa matar gida rai, cikina kuwa ya yi mini hisabi a mota washegari. Wani abin da har yau ban gane ba, a ƙasar Ingilishi direba hagu yake bi, a ta Faransi dama. Da muka sake shiga ta Ingilishi ya sake komawa hagu. Na tambayi direba wa ke gaya wa motar da ke tahowa cewa an sauya. Ya ce Allah.

A iyakar Gwalkwas, ƙasar da Kumasi take, na shirya wa wani zazzage, sai na tarar da ɗan sandan yana jin Hausa, irin tasu da ba ta raba mace da namiji. Ya leƙa buhu ya kira ɗan'uwansa ya ce, “Zo ka gani, wannan mace ya ɗauko garinsu.” Suka yi dariya suka ɗaure mini bakin buhun da kansu. Muka bi ta Yandi da Salaga, a Yeji kuma mota da kanta ta shiga jirgi. Bayan nan kurmi ya rufe mu. Ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, mutum ya wuni bai ga inda sama ta haɗu da ƙasa ba.

A zangon Kumasi gidan Azumi na sauka, wata mai sayar da koko da ƙosai, kakkaura mai fara'a. Kakanta mutumin Jega ne, ita kuwa ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, kullum tambayarta wai da gaske a wurinmu ana hango baƙo tun bai iso ba. Ranar farko ta yi mini sakwarar rogo da ayaba. To ga amsar mai tambaya: da gaske ne, ba sa taunawa. A yanko loma a tsoma a miya a haɗiye. Ni na tauna, abin ya manne mini a dasashi, yaran gida suka fita waje don su yi dariyarsu da kyau. Miyar kuma ruwa-ruwa ce, na sa hannu na ciro katantanwa, na mai da ita a hankali na ce na ƙoshi. Da koko da ƙosai na rayu a garin nan, sai dokunu, wani tuwon masara da ake naɗewa a ganye, da na saba da tsaminsa daga baya.

Tsohuwar da na zo nema Mame Ajuwa ake ce mata, a wani ƙauyen magina a bayan gari. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin Tonanci, Azumi ce bakinmu. Zuwan farko na ɓata rawata tun daga gaisuwa. Su in ka shiga taro daga hannun dama kake farawa, ka bi kowa da musafaha har ka ƙare a hagu. Ni kuwa na ratsa tsakiya na zube gaban wadda ta fi tsufa, yadda aka koya mini a gida. Aka bi ni da kallo. Da Azumi ta faɗi abin da ya kawo ni, tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa ta ce a gaya mini sana'arta ba ta hawa mota.

Na koma washegari. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma dube ni ba. Na ga tarin fasassun kasake da turmi a gefe, na san dai ba don ado aka ajiye su ba, na ɗauki taɓarya na kama daka. Haka na riƙa zuwa, in daka tsingaro, in daka gawayi, in share wuri, in koma zango. Mamman ya gama haɗa goronsa ya ce mu tafi. Na ce ya tafi, ya same ni a zuwa na gaba. Ya ce in ya koma ba ni mi zai ce wa dangi. Na ce ya ce musu jandarma ya riƙe ni ina yi masa fura.

Wata rana Azumi ta rako ni, tsohuwar ta sa ta tambaye ni wane namiji ne ya sa mace mai furfura ta baro garinsu tana dakan gawayi, miji ne? Na ce a'a, ƙanena ne, cikinmu ɗaya, na kuma faɗi yadda aka yi da ƙafarsa. Tsohuwar ta ajiye abin da ke hannunta. Azumi ta juyo ta ce mini, “Ta ce da miji ne da sai ki koma, danginsa su ji da shi. Amma wanda kuka fito ciki ɗaya, wannan naki ne.” A hanya ta bayyana mini cewa su Tonawa ta wajen uwa suke lissafin dangi, mutum in ya mutu ɗan 'yar'uwarsa ke gadonsa, ba ɗan cikinsa ba. Gadon nasu ban ce ya yi mini ba. Amma ranar na gode wa Allah da ya yi su haka.

Washegari ta ce in kawo ƙasar tawa. Ta jiƙa, ta murza, ta sa a haƙori, ta ce ta yi maiƙo da yawa. Irin wannan tana daɗin gini, tana kyau a randa, amma in wuta ta yi tsanani sai ta ja jiki ta tsage. Ta nuna mini wata farar ƙasa ta tambaya ko muna da ita. Na ce ai da ita muke shafe ɗaki. Ita ce uwar haɗin, tawa kuma kaɗan, don ta riƙe gini. A kan wannan sai garin tsohon kasko, wanda ya riga ya sha wuta ba zai ƙara ja da baya ba, sai garin gawayi mai laushi. Na ƙarshe toka ce, abin da yatsu uku za su ɗauka. Ta ce tokar ce ke narkewa kaɗan a cikin wuta ta liƙe ƙwayoyin ƙasa da juna. In ta yi kaɗan kasko ya yi gari a hannu, in ta yi yawa ya langaɓe a murhu ranar da aka fi bukatarsa. Ni da aka raine ni a kan tankaɗe yumɓu har ya yi kamar kwalli, ga ni ina zuba masa tsakuwa da hannuna.

Tuyar ma ba irin tamu ba ce. Mu a matoya a fili muke jera tukwane, mu lulluɓe da kara da kashin shanu, wuta ta tashi ta faɗi kafin a gama hira. Ita kuwa cikin wata babbar tukunya take jera kasaken, ta cike tsakaninsu da gawayi, ta rufe baki ta liƙe da laka. Tukunyar a sa ta a rami mai bango, a fara da wutar da ba ta fi ta ɗumama tuwo ba, a yi ta ƙarawa tun safe, sai can da yamma a kawo zuga-zugi.

Da na gina nawa suka bushe, ta bar ni in yi tuyar da kaina, ita ta tafi jana'iza. Jana'izarsu kuwa wuni ce, da jan zane da kiɗa, wanda bai sani ba sai ya ce biki ake yi. Na bi komai yadda na gani. Da tukunyar ta yi ja har tana ɗaukar ido na san sun nuna. To mu a Kabi, duk maginiyar da ta amsa sunanta ta san abin da ake yi a wannan lokacin: a zaro tukunya da zafinta a yayyafa mata ruwan bagaruwa, ta yi cuu, ta fito baƙa wuluk tana ƙyalli. Wadda ta bar tukwanenta suka huce a toka, raguwa ce, a kasuwa ma an san nata. Bagaruwar kuwa na taho da abata a ƙullin zane, na dafa tun safe. Na fasa lakar, na zaro su da sanda, na yayyafa. Suka yi kyau ƙwarai, na ƙwanƙwasa suka amsa. Na jera su a kan hanyar shigowarta.

Da ta dawo ta gan su ba ta yi faɗa ba. Ta aika aka kawo manja, ta zuba a cikin ɗaya ta ajiye a rana. Jim kaɗan sai ga jan layi siriri kamar gashi ya fito a bayansa, daga baki har gindi, sai wani, sai wani. Ta bi sauran, duk haka. Tsagar da ido ba ya gani, ruwan sanyi ya yi ta a kan zafi. Randa ba ta damu da ita ba, don ruwa kawai take ɗauka. Kaskon da zai ɗauki narkakkiyar tagulla kuwa, ta nan yake rabuwa.

Jikina ya yi sanyi. Haka uwata ta yi, haka kakata ta yi, haka na yi wa kowane kasko da na kai Gwandu, har na fi yayyafa wa na Bawa don nasa ya fi na kowa kyau. Na zauna a bakin ramin na yi kuka, ban ɓoye ba. Tsohuwar ta bar ni na gama, sannan ta miƙo mini taɓarya.

A gidan Azumi akwai wani tsoho mutumin Moshi, Baba Salifu, da ya ƙare ƙarfinsa a wata ma'adinar zinariya. Da ya ji labarin ya ɗauko wani guntun abu mai ruwan toka da yake wasa wuƙa da shi, ya ce ɓallin kaskon Turawa ne na wurin aikinsu. Na gwada shi da ƙusa, ƙusar ce ta dakushe. Ya ce yadda ya ji, ba da yumɓu suke yi ba, wani gari ne da asalinsa yashi, a danne shi a cikin ƙarfe, a gasa a rufaffen murhu da ake busa masa wata irin iska da ba ta cin wuta, ita iskar ce ke shiga jikin garin ya haɗe. Wai akwai ɗan abin da suke barbaɗawa don ya kama, su ma in ya yi yawa abin ya yi laushi a zafi, in ya yi kaɗan ya yi ramuka. Ban san iyakar gaskiyarsa ba. Na dai ce ashe su ma da tasu tokar, kuma ban ji an ce suna yayyafa bagaruwa ba.

Tuya ta biyu na bar tukunyar a liƙe har na iya sa hannu a tokar ramin. Kasaken suka fito toka-toka, masu kaushi, munana, ko kyauta aka ba ni a Kalgo ba zan karɓa ba. Manja ya wuni a ciki bai fito ba. Tsohuwar ta kai ɗaya wurin wani mai zubi, na tsaya ina kallo ya shiga wuta ya fito, ya koma ya fito. Da Mamman ya dawo na bi shi. Wurin sallama na fara daga dama, tsohuwar ta yi dariya har da tari.

Kada wanda ya zaci da na iso gida aiki ya ƙare. Farar ƙasa na samu a kasuwa, amma tokar karan gero ta fi tasu kaifi, tuyar farko kasaken suka lotsa kamar an zauna musu. Na rage, suka yi gari. Na yi ta yi ina fasawa ina dakawa ina mayarwa cikin haɗi, har na gane hannun tokarmu. Babban yaƙin ma da Gwaggo Tumba na yi shi, shugabar maginan unguwarmu. Ranar da ta ga tukunya ta yi ja ni kuwa ina zaune, ta taho da sandarta da ƙwaryar bagaruwa.

“Kulu, tashi ki hidda su, sun nuna. Ko can kin baro hankalinki?”

“Gwaggo, a bar su sai sun huce.”

“Tun kakanninmu ba a yi haka ba. Ɗiyan unguwa na kallo, ragganci za ki koya musu?”

Na ce, “Tukwanenki ki yi musu yadda kinka saba, ni ma haka zan yi ma nawa. Wanga na Bawa na.” Na gitta taɓarya a bakin ramin na zauna a kanta. Ta yi ta faɗa har ta gaji ta tafi, har yau gaisuwarmu ba ta cika ba.

Da na sami waɗanda manja bai ratsa ba, na naɗe su a tsumma na tafi Gwandu. Bawa ya ga ƙunshin ya kau da kai.

“Adda, na hwaɗa miki.”

“Na ji. Ba kai na kawo ma ba, aron maƙera na zo.”

Na buɗe maƙerar, na share yanar gizo, na tarar da gidan zubin munduwa da ya gina kafin ƙafar, a jingine, na sa shi a bakin wuta ya yi zafi. Na cika kasko da guntayen tagulla, na binne a gawayi, na zauna na kama zuga. Mace a maƙera abin kallo ne, kafin wani lokaci ƙofar ta cika. Shi kuwa yana can bakin zaure da igiyarsa, ya ba ni baya, amma na lura tufkar ta tsaya. Hannuwana suka gaji, na ci gaba. Tagullar ta zauna, ta narke, ta fara juyi tana wani koren hayaƙi. Kaskon ya yi ja, ko gezau bai yi ba.

Na tashi na ɗauki awartaki. Ban taɓa riƙe shi ba a rayuwata, kuma tsoro nake ji. Na kama kaskon ta leɓe, da hannu ɗaya, na fara ɗagawa ya karkata. Sai na ji ɗingishi a bayana, da sauri.

“Aje shi. Ba ta baki aka kamu nai ba, za ki kashe kanki. Kawo.”

Ya karɓe awartakin, ya ture ni gefe da kafaɗa, ya kama kaskon ta ciki da hannu biyu. Ya ɗago shi. Ya tsaya da shi a sama, daidai saman ƙafar nan, yana kallon gindinsa, ni ma shi nake kallo. Sannan ya juya ya zuba, tagullar ta gangara siririya har gidan zubin ya cika.

Ya ajiye kaskon ya juya shi da bakin awartaki, ya duba ciki ya duba baya. Gumi na zuba a fuskarsa, ban san ko gumi ne kaɗai ba. Bai dube ni ba. Ya mai da kaskon cikin gawayi, ya jawo kwandon guntayen tagulla da ƙafarsa mai tabo, ya zauna a mazauninsa.

Ya ce, “Munin kaskonki ya yi yawa, Adda. Zuga min.”